Waɗanda Kaya Ke Kansu

Masu bin wannan fili sun saba ji na a kan siyasa da tsadar rayuwa. Yau zan karkata, in yi maganar littattafan da suka shigo hannuna daga bayan Sallah zuwa yanzu. Ban tsara su ba. Akwai tsohon labari na Hausa, akwai tarihin rayuwa, akwai na zaman aure, akwai fassarar habaicin siyasa, akwai kuma na Turanci da ɗan Arewa ya rubuta. Da na gama sai na lura a kowane ɗaya akwai wanda aka ɗora wa kaya ba tare da an tambaye shi ba, kuma shi ne ya zauna mini a rai fiye da wanda aka sa a gaba.

Na fara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito a 1934 bayan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Yawancinmu a makaranta muka san shi, muka haddace shi don jarrabawa. Karatun girma daban ne. Shi Shaihun, in faɗi gaskiya, bai cika riƙe ni ba. Yaro ne na kirki, ya zama malami na kirki, ko sau ɗaya ba ka ga zuciyarsa ta yi gardama da shi ba. Mai littafin ita ce mahaifiyarsa. An sace mata ɗa, ta bi sawunsa zuwa Kano, ta ji an ƙetara Sahara da shi, ta ce ita ma sai ta ƙetara. Wani mayaudari ya ci amanarta, 'ya mai 'yanci ta koma baiwa, daga Murzuk har Tarabulus. Ta ga ɗan nata a ƙarshe, bayan wahala ta riga ta cinye ta, ba ta daɗe ba ta rasu. Tafawa Ɓalewa bai tsaya yin kuka ko wa'azi a wannan wuri ba, ya faɗi abin da ya faru ya wuce, kuma wannan kamewar ce ta sa abin ya fi ciwo. Wasu na zarginsa da cewa bai fito ya la'anci cinikin bayi ba. Ni ban ga buƙata ba. Duk wanda ya bi matar nan har Tarabulus bai fito yana ƙin bauta ba, to, ba la'antar marubuci ce za ta gyara shi ba.

Sa'a ce ta sa na bi shi da Baba of Karo. Wannan ba ƙagaggen labari ba ne. Wata dattijuwa ce da ta rayu a ƙasashen Kano da Zazzau, haihuwar 1877, ta zauna da Baturiya Mary Smith a 1949 da 1950 tana ba ta labarin rayuwarta da Hausa, aka buga shi da Turanci a 1954, shekara uku bayan rasuwarta. Abin da Shaihu Umar ya nuna ta idon wadda aka kama, Baba ta nuna shi ta idon gidan da ke da rinji. Danginta na da bayi, kuma su ma mahara sun kama nasu, sai da aka tara kuɗi aka fanso su. Tana ba da labarin duka biyun da murya ɗaya, ba kare kai, ba neman a tausaya mata. Ta yi aure huɗu, Allah bai ba ta haihuwa ba, ta yi riƙon 'ya'yan dangi. A bakinta za ka ji yadda ake ƙulla ƙawance tsakanin mata, yadda ake wankan jego, yadda ake biki da suna, yadda bori yake a wancan zamani, da yadda bayi suka watse bayan zuwan Turawa, gonaki suka rasa masu noma. Littattafan tarihinmu cike suke da sarakuna da yaƙe-yaƙe da shekarun da kowa ya yi a kan gado. Ba na raina su. Amma wanda yake son sanin abin da kakarsa ta ci da abin da ta ji tsoro, wurin Baba zai je. Abin da ke damuna shi ne maganar da aka yi da Hausa a ƙasar Hausa, yawancin waɗanda suka karanta ta da Turanci suka karanta, jikokin matan da take magana a kansu kuwa ko sunanta ba su sani ba.

Na uku shi ne Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Wannan yana cikin littattafan da masana suka daɗe suna kira adabin kasuwar Kano, wasunsu da yatsina fuska. Ina roƙon duk mai wannan yatsina ya zauna ya karanta shi tukuna. Rabi matar Alhaji Abdu ce, ɗan kasuwa mai rufin asiri, 'ya'yanta tara. Kuɗin cefanen da yake bayarwa ba ya isa, ita ke cikawa. Ya auro Delu, ya kori Rabi da 'ya'yanta, ta koma sayar da abinci tana ciyar da su tana biya musu makaranta. Ƙarfin Hajiya Balaraba a lissafi yake. Ta san nawa ake bayarwa, nawa ake buƙata, da wanda ke cike giɓin a ɓoye. Duk macen da ta taɓa juya kuɗin cefane a tafin hannu tana tunanin abin da za ta rage, za ta ga kanta a nan. Inda na ɗan saɓa da marubuciyar shi ne yawan masifun da ta jibga wa Alhaji Abdu: gobara ta cinye shago, dukiya ta tafi, amarya ta ci amana. Sun zo a jere kamar an aiko su, alhali a unguwanninmu mun san irin su Alhaji Abdu da yawa da suke nan garau, ba abin da ya same su. Amma ƙarshen littafin ya wanke wannan. Bayan Rabi ta tsaya da ƙafarta, sai maza na dangi suka taru suka matsa mata ta koma ta karɓi mutumin da ya wulaƙanta ta. Wasu suna karanta wannan a matsayin sulhu. Ni tuhuma na gani, kuma da mu take, mu masu zama a zaure muna cewa a yi haƙuri saboda yara. A 2012 wani kamfanin ɗab'i na Indiya, Blaft, ya buga fassarar Turanci da Aliyu Kamal ya yi. Mutanen Indiya sun ga abin da wasu malamanmu suka ƙi gani.

Gandun Dabbobi kuwa, fassarar da Bala Abdullahi Funtuwa ya yi wa Animal Farm na George Orwell a 1975, ba zan daɗe a kansa ba, don kowa ya san labarin. Orwell da juyin juya halin Rasha da mulkin Stalin yake, a 1945. Funtuwa ya dasa labarin a ƙasarmu har ka manta baƙo ne: mai gandu Nomau, shugaban aladu Maitumbi, mai farfaganda Karambana. Masu sharhi sun fi son magana a kan aladun. Ni dokin nan Akawal ne ya hana ni barci. Shi ne farkon tashi, shi ne ƙarshen kwanciya, duk abin da ya lalace sai ya ce laifin ƙarancin ƙoƙarinsa ne. Da ƙarfinsa ya ƙare aka sayar da shi ga masu yanka, aka ce asibiti aka kai shi. Wanda ya taɓa ganin tsofaffin ma'aikata a layin tantance 'yan fansho, da fayil a hammata, rana na dukansu, ba ya buƙatar a yi masa bayani.

Na ƙarshe shi ne wanda na san zai jawo mini wasiƙu: Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, wanda ya fito a 2015 ya kuma ci kyautar adabi ta NLNG a 2016. Hajiya Binta, bazawara mai shekara 55 da rikicin Jos ya koro zuwa gefen Abuja, ta faɗa mu'amala da Reza, saurayi mai sayar da wiwi kuma ɗan bangar siyasa. Akwai wuraren da ni ma na ji nauyin karantawa, kuma ba zan miƙa shi ga yaro ba. Amma wanda ya tsaya a kan alfashar kawai ya bar asalin ciwon. Binta tana da ɗan fari da al'ada ta hana ta kiran sunansa, ta hana ta jawo shi jiki, har ya mutu ba ta taɓa nuna masa so a fili ba. Wannan ramin ne Reza ya faɗa ciki. Muna alfahari da kunyar ɗan fari, ni ma a cikinta na tashi, kuma ina ganin kyanta. Littafin bai ce a yar da ita ba. Tambaya ya yi: wa ke biyan kuɗinta? Ban taɓa jin an yi wannan tambaya a majalisa ko a kan mumbari ba. Aibin da na gani shi ne ɓangaren 'yan siyasa da sace mutum ya ɗan yi kama da fim, bai kai zurfin abin da ke faruwa a cikin gidan Binta ba.

Da a ce littafin soyayya kaɗai nake karantawa, ko tarihi kaɗai, ko na siyasa kaɗai, da ban ga cewa mahaifiyar Umar da Rabi da Binta da Akawal dangin juna ne ba, sama da shekara tamanin tsakanin na farkonsu da na ƙarshe. Shi ya sa nake ƙorafi da yadda muka raba kanmu: matasa a waya suna bin labaran soyayya babi-babi, malamai a jami'a suna jujjuya littattafai biyar na gasar 1933, kowa na raina abin da ɗan'uwansa ke karantawa.

Samun littattafan ma aiki ne. Shaihu Umar yana nan saboda manhajar makaranta ta riƙe shi. Gandun Dabbobi da Alhaki Kuykuyo Ne kuwa sai an sha yawo, wani lokaci sai hoton kwafi mai dishi-dishi da shafuka a ɓace. Ina kira ga kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya da sauran maɗaba'u, da sassan Hausa na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello, su sake buga waɗannan a farashin da ɗalibi zai iya, su kuma sa labarin Baba a kasuwa da harshen da ta faɗe shi.