Lokaci Ya Yi Da Za A Hana Dambe A Hokin Ƙanƙara

A ƙasashen sanyi irin su Kanada da Rasha akwai wasan da ake yi bisa daskararren ruwa, wato hokin ƙanƙara, wanda aka fara bugawa bisa tsari a birnin Montreal cikin 1875. Kowane ɓangare yana da mutum 6, har da mai tsaron gida, suna sulɓi da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, suna kora wani ɗan faifan roba da sanduna zuwa raga. Zagaye 3 ake yi, kowanne minti 20.

Hukuncin wasan abin yabo ne. Wanda ya taɗe abokin karawa ko ya maƙale shi da sanda, sai alƙali ya fitar da shi ya zauna minti 2, ƙungiyarsa ta ci gaba babu mutum ɗaya. Laifin mutum guda ya zama nauyin kowa.

To, amma abin mamaki shi ne yadda gasar ƙwararru ta NHL, ta Kanada da Amurka, take ɗaukar dambe. 'Yan wasa biyu za su yar da safar hannu su dinga naushin juna, alƙalai na tsaye sai ɗaya ya faɗi, sa'an nan a ba kowannensu minti 5 a waje. Da yake su biyun aka fitar, galibi a kan cike gurbinsu nan take, babu ƙungiyar da ta ji a jikinta. Wannan ai ba horo ba ne, hutu ne.

Masu kare wannan al'ada suna cewa tsoron naushi ke hana miyagun 'yan wasa cutar gwanaye. Hujjar ba ta da ƙarfi, domin a gasar Olamfik korar mai dambe ake yi daga wasan ɗungum, kuma armashinsa bai ragu ba. Derek Boogaard, wanda dambe ne babban aikinsa a fili, ya mutu cikin 2011 yana da shekara 28, bayan ya haɗa ƙwayoyin rage zafi da barasa. Likitoci suka tarar da cutar da yawan bugun kai ke haifarwa a ƙwaƙwalwarsa.

NHL ta saba da jan ƙafa. Bill Masterton ya mutu cikin 1968 bayan kansa ya bugi ƙanƙara, amma sai 1979 aka tilasta wa sababbin 'yan wasa sa hular kwano. Gasar matasa ta lardin Quebec ta sa dokar korar mai dambe tun 2023. Lalle ne shugabannin NHL su bi sawun waɗannan yara, kada su sake jiran shekara 11.