A sauke lodar gaban tarakta kafin a shiga yankan ciyawa

Daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba, da zarar ruwa ya ɗauke, aikin yankan ciyawa kan taso a Zariya da kewayenta. Filayen makarantu, fulotan da aka saya ba a gina ba, saurukan bayan ganuwa ta wajen Ƙofar Gayan da Ƙofar Kona, da makiyayan gonakin shanu na hanyar Shika, duk gamba da kyasuwa da tofa sun rufe su, wani wurin har ciyawar ta fi tsayin mutum. A da lauje da adda ne ke wannan aiki. Yanzu mai hali tarakta yake ɗauka haya, a ɗaura mata injin yanka a baya, wanda direbobi ke kira silasha, ta gama cikin yini abin da majiya ƙarfi goma za su yi kwanaki a kai.

Mafi yawan taraktocin da ke yankin nan ba su da komai a gaba. Amma akwai masu loda, wato hannuwan ƙarfe biyu da cokali a bakinsu, da ake loda taki da yashi da marmara da su. Masu ɗibar takin juji daga cikin birni zuwa gonaki sun san amfaninta, haka ma masu gonakin kiwo da 'yan kwangila. Mai tarakta ɗaya ba ya son ta zauna, don haka wadda ta loda yashi da safe ita ce za ta shiga yanka da yamma, lodar na rataye a gabanta. A nan gardama take tsakanin direbobi da masu taraktoci: a sauke lodar ne, ko a bar ta?

Ra'ayinmu shi ne a sauke ta. Duk filin da ba shimfiɗaɗɗe ba, mai tsofaffin kunyoyi ko suri ko kututture ko gangare, bai kamata tarakta ta shiga yanka a cikinsa da loda a gaba ba, sai da wani dalili mai ƙarfi. Amma saukewar tana da sharaɗi, kuma masu cewa a bar ta suna da hujjojin da suka cancanci amsa.

Mu fara da yadda tarakta ke tsayuwa. Ido na ganin ƙafa huɗu, amma a zahiri zamanta kamar na tukunya ne a kan duwatsun murhu uku. Ƙafafun baya biyu a kafe suke da jikinta. Na gaba kuwa suna kan ƙarfe ɗaya da aka rataya da fin a tsakiya, yana lilo sama da ƙasa don tayoyin su riƙa bin tudu da kwari. Saboda haka abin da ke hana ta kifewa gefe shi ne faɗin da ke tsakanin ƙafafun baya, kuma wannan faɗi yana ƙuntata ne yayin da ake matsowa gaba. Duk nauyin da aka kai gaba, an kai shi inda tarakta ta fi rauni. Duk nauyin da aka ɗaga sama, an ƙara mata saurin karkata.

Loda tana yin duka biyun. A kan tarakta mai ƙarfin doki 75, irin Massey Ferguson 375 da ta cika ƙasar nan, loda da cokalinta sukan kai rabin tan ko fiye, wato kamar buhun masara biyar, kuma cokalin na can gaba da tayoyi. A kan kwalta ko farfajiyar gidan bulo, babu damuwa sosai. A gonar da aka yi wa huɗa bara aka bar ta, labarin daban ne. Duk kunyar da taya ta hau ta sauka, cokalin zai yi tsalle ya dawo da ƙarfi, ya buga nauyinsa a kan ƙafafun gaba. Boris da fin da ƙarfen sitiyari da tayoyin gaba su ne ke shan dukan, sau dubbai a yini. Ba ranar ake ganin ɓarnar ba. Sai bayan watanni, sitiyari ya fara wasa, taya ta ci gefe ɗaya, mai tarakta ya ce kayan yanzu ba su da ƙarko.

Asarar kuɗi ke nan. Ta rai ta fi ta. Direban da ciyawa ta rufe wa gaba, cokali kuma ya tare masa gani, abin da yake yi shi ne ya ɗaga lodar sama don ya leƙa ta ƙarƙashinta. Wannan shi ne mafi hatsarin zaman da tarakta za ta yi a fili mai gargada. Ƙafa ɗaya ta hau suri, ko ta zurma ramin da ruwa ya zaizaye, ko direba ya yi kwana a gefen kududdufi, sai ta tafi gefe kafin ya kai ƙafa kan birki. Kewayen Zariya kuwa ba ya rasa irin waɗannan wurare: ramukan da aka haƙi ƙasar gini, tsofaffin rijiyoyin lambu, gaɓar Kubanni da ta Galma, da kwazazzaban da ke ƙaruwa kowace damina. Ga kuma wayoyin lantarki da suka sauko ƙasa a unguwanni da yawa, waɗanda loda a ɗage za ta iya kamowa a hanyar zuwa fili.

Akwai kuma maganar gani. Filayenmu ba kangon daji ba ne. Akwai yara masu yankan ciyawar sayarwa, akwai akuyar da aka ɗaure a turke, akwai mai wucewa ta 'yar hanyar da ta ratsa fulotai. Loda tana ƙara wa tarakta tsawo da wajen mita biyu, kuma idan aka yi kwana cokalin kan share wuri mai faɗi, alhali hankalin direba yana baya yana duba silasha. Katanga da bishiya da mutum duk ɗaya ne a wurin ƙarfen.

To me masu barin lodar ke cewa?

Hujjarsu ta farko ita ce mafi nauyi. Silasha tana rataye ne a baya, kuma idan aka ɗaga ta, gaban tarakta kan yi sauƙi, har tayoyin gaba su riƙa barin ƙasa a kan tudu. Tayar da ba ta danne ƙasa ba ba ta jin sitiyari, kuma tarakta na iya miƙewa ta faɗa ta baya. Masana sun auna cewa irin wannan faɗuwa kan wuce inda za a iya tare ta cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Loda tana danne gaban, gaskiya ne. Amma ba don wannan aka ƙera ta ba. Abin da aka yi domin wannan aiki shi ne ƙarafan nauyi da ake jerawa a hancin tarakta. Suna zama ƙasa-ƙasa, manne da jiki, ba sa tsalle, ba sa tare gani. Ƙa'idar da masu ƙera taraktoci ke bayarwa ita ce aƙalla kashi 20 cikin 100 na nauyin duka ya kasance a kan ƙafafun gaba. Wannan shi ne sharaɗin da muka ambata: wanda ya sauke loda bai sa ƙarafan nauyi ba, ya gudu daga wani hatsari ne ya faɗa wani.

Hujja ta biyu ita ce cokali ya zama ɗan jagora. A sauke shi kusa da ƙasa, in ji su, duk kututture ko dutsen da ya ɓuya a ciyawa shi zai fara taɓawa kafin taya ko wuƙar silasha su same shi. A tafiyar hawainiya, dabarar tana aiki. Matsalar ita ce direban haya da ake biya da kadada ba ya tafiyar hawainiya. Idan bakin cokali ya caki kututturen ɗorawa da gudu, tarakta cak za ta tsaya, direba ya daki sitiyari da ƙirji ko ya faɗo, hannuwan loda su lanƙwashe, wani lokaci ma jikin taraktar ya tsage a inda aka ɗaure su. Hanyar gano abin da ke cikin fili ita ce ƙafa. Mai fili da direba su zaga shi tun da safe, su kafa sanda mai ƙyalle a kan kowane suri da rami da kututture. Aikin awa ɗaya ne, kuma babu cokalin da zai gaya wa direba akwai tsohuwar rijiya a gabansa.

Hujja ta uku ita ce idan tarakta ta kafe a fadama, ana iya dogara cokali a ƙasa a turo ta baya, kuma ana ture reshen da ya faɗi a hanya da shi. Wannan ma haka ne. Sai dai nauyin lodar na cikin abin da ke nutsar da siraran tayoyin gaba a laka tun farko. Filin da yake da danshin da tarakta za ta kafe, a jira shi ya sha iska.

Idan aka bi diddigi, abin da ke hana sauke loda ba ɗaya daga cikin hujjojin nan ba ne. Lokaci ne da wahala. Lodar zamani tana da ƙafafun jingina: a ajiye cokali a ƙasa mai tauri, a sauke ƙafafun, a zare fin biyu, a cire tiyon mai, a ja da baya, cikin 'yan mintoci. Amma lodar da aka ɗaure da noti, ko wadda mai walda ya haɗa, sai an nemi bakanike da sarƙa da reshen bishiya mai ƙarfi, yini ya tafi. Mai tarakta yana lissafin kuɗin yinin, direba kuma ba shi da bakin cewa a'a, don akwai wani a bayansa da ke jiran makullin. Nan ne ya kamata gyara ya fara.

Masu taraktocin haya su sa lokacin sauke loda cikin lissafin aiki, kamar yadda suke sa kuɗin gas. Kuɗin gyaran ƙafafun gaba da kwanakin da tarakta za ta yi a garejin bakanike a tsakiyar kakar aiki sun fi wannan awa tsada nesa ba kusa ba. Wanda zai sayi loda ya nemi mai ƙafafun jingina, ya kuma haɗa da ƙarafan nauyi. Mai fili shi ma yana da ta cewa, tunda a filinsa abin zai faru.

Inda saukewa ta gagara, akwai tsaka-tsaki. A cire cokalin kaɗai, a bar hannuwan a ƙasa, nauyi ya ragu, gani ya ƙaru. In ma hakan bai yiwu ba, to cokali ya kasance babu komai a ciki, a sauke shi ƙasa da gwiwar mutum, a karkata bakinsa sama don kada ya caki ƙasa. A yi tafiya da ƙaramar giya, a guji kwana mai kaifi, a bi gangare sama da ƙasa maimakon a ratsa shi ta gefe, kada kuma a ɗauki kowa a kan madigadi. A kori yara su yi nisa, domin wuƙar silasha kan harba dutse kamar daga gwafa.

Akwai abu ɗaya da ya shafi kowace tarakta, da loda ko babu: ƙarfen kariya da ke tsaye a bayan kujerar direba, tare da bel ɗin ɗaura ƙugu. Ƙasar Suwidin ta wajabta shi a kan sababbin taraktoci tun 1959, kuma mace-macen kifewar tarakta a can sun ragu da fiye da kashi 90 cikin 100. Amurka ta kafa irin wannan doka don kare ma'aikatan gona a 1976. A wurinmu, ana ganin taraktoci da rumfar kwano mai siraran ƙafafu, wadda ke tare rana amma ba za ta tare nauyin tarakta ba. Wasu ma kwance ƙarfen kariyar suke yi don ya daina kama reshe. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, haka muka ji tun muna yara, amma rigakafi ya fi magani, shi ma haka muka ji.

Zariya ba ta da uzurin rashin masana. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda tarihinta ya faro tun 1922, tana nan. Sashen injiniyancin aikin gona na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan, ga Kwalejin Aikin Gona ta Samaru, ga cibiyar NAERLS mai wayar da kan manoma, ga NAPRI a Shika da ke kula da makiyaya da ciyawar dabbobi. Abin da ake buƙata shi ne wannan ilimi ya tsallako daga Samaru ya iso wurin direban da ya koyi tuƙi a matsayin yaron mota. Horo na kwana biyu kafin kakar yanka, shiri a rediyo da Hausa, da takarda mai hotuna da za a manna a jikin tarakta, ba za su ci kuɗin taya ɗaya ta baya ba a kan kowane rukunin direbobi.

Gwamnati ma da nata. A watan Yunin 2025, gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da taraktoci 2,000 da aka shigo da su daga Belarus, tare da dubban kayan aikin da ake ɗaura musu. Jihohi su ma suna ta saye. Mun ga irin wannan a baya, tun zamanin da ake harhaɗa Steyr a Bauchi da Fiat a Kano, kuma mun ga inda da yawansu suka ƙare: a jere a harabar ma'aikatu, tayoyi a sace, ciyawa ta fito ta cikinsu. Tarakta ba tsufa kaɗai ke kashe ta ba, har da aikin da ake sa ta ba bisa ƙa'ida ba. Duk rabon da za a yi nan gaba, a haɗa shi da horon direba, da littafin aiki cikin harshen da zai iya karantawa, a kuma tabbata ba a karɓi tarakta marar ƙarfen kariya ba.

Ciyawa za ta sake fitowa baɗi, fili kuma ba ya gudu. Kafin a kunna silasha a bana, a zaga filin da ƙafa, a sauke loda, a ɗora ƙarafan nauyi, direba ya ɗaura bel. Mai tarakta zai rasa awa ɗaya, ya tsira da taraktarsa, direba kuma ya koma gida wurin iyalinsa.