Hoton da ya kamata mu buga a kasuwanninmu

A yawancin manyan kasuwannin iyaka, daga Ɗan Isa zuwa Birnin Ƙonni har Gaya, akan sami matasa masu sana'ar serigirafi. Mun san aikin: firam ɗin katako da aka ɗaure wa ƙyalle mai ƙananan ramuka, a zuba tawada, a ja da roba, zane ya fito a kan riga ko buhu. To amma mene ne muke ba su su buga? Fuskar ɗan takara lokacin zaɓe, sai sunan kanti.

A Faransa wani mai zane, Ernest Pignon-Ernest, haifaffen birnin Nice a 1942, ya yi wani abu daban da wannan sana'a. A 1979, sa'ad da ake rushe tsofaffin unguwannin Paris, ya buga hoton mutanen da aka kora daga gidajensu, riƙe da katifa da akwati, tsawonsu daidai da na mutum. Ya manna su a bangayen gidajen da aka rushe. Takarda ce mara kauri, ruwa da rana suka cinye ta, amma hotunan da aka ɗauka sun sa har yau ana tuna waɗanda aka kora.

Mu ma muna da abin nunawa. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, sai a 1987 aka buɗe sabuwa. Ƙaramar kasuwa ta ci wuta a 2012. A 2016 an rushe rumfuna da dama a bakin titunan birnin. Da Nijeriya ta rufe iyaka a watan Agusta na 2019, da kuma lokacin takunkumin CEDEAO a 2023, mun ga layukan shaguna a kulle, ƴan dako na zaune babu aiki. Ina hoton wannan a wurinmu? Ƴaƴanmu sai dai su ji a baki.

Wasu za su ce wannan tonon asiri ne, baƙo zai raina garinmu. Muna jin maganarsu. Sai dai baƙon ya riga ya taka kwatar da ta toshe kafin ya iso rumfarmu, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin gudu shi ne wani ya zo daga nesa ya ɗauki hoton wahalarmu, ya sayar a ɗakin baje koli, mu ba mu sani ba.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyoyin ƴan kasuwa: a haɗa kuɗi kaɗan, a ba matasanmu aiki su buga hoton juji da rumfunan da suka ruɓe, da sunan layi da shekara, bayan masu rumfunan sun yarda. Firam guda yana fitar da kwafi masu yawa. Ranar da za mu je ma'aikatar magajin gari mu tambayi inda kuɗin tikitin kasuwa da patanti ke tafiya, mu je da hoton a hannu.

Allah ya kare kasuwanninmu daga gobara, amin.