Sharhi: Baƙin mai da tsuntsayen Komadugu

Kogin Komadugu ba ya cika sai damina ta wuce, domin ruwansa daga nesa yake tasowa, ya ratsa fadamun Haɗeja da Nguru kafin ya iso Diffa ya gangara Bosso. Wajen watannin Nuwamba da Disamba ne yake batsewa, daidai lokacin da agwagin ruwa suke ƙetaro Sahara daga ƙasashen Turai, su tarar da ƴan gida irin su kirinjijiya da dinya da zalɓe da balbela. Albarkacin wannan taro ne aka sa ɓangaren Nijar na tafkin Cadi cikin yarjejeniyar Ramsar a 2001.

Jihar da ke karɓar waɗannan baƙi ita ce kuma jihar man fetur. Kamfanin CNPC na ƙasar Sin ya samu rijiyoyin Agadem a 2008, matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011, sannan a 2024 aka fara tura ɗanyen mai ta bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun Benin. A watan Yunin 2024 aka fasa bututun a jihar Damagaram, mai ya kwarara a ƙasa. Gaskiya ne Agadem tana can cikin hamada, nesa da kogi. Amma man da ya fi kusa da ruwan Komadugu shi ne na yau da kullum: baƙin man injinan ban-ruwa na gonakin tattasai, da jarkokin fetur da ke ƙetare kogi, da tankokin da ke bin babbar hanya.

Wanda bai sani ba zai ce ɗan ɗigo ne. Gashin tsuntsun ruwa saƙaƙƙe ne, yana hana ruwa taɓa fata, yana kuma riƙe iska mai ɗumi a jiki. Da zarar mai ya taɓa shi sai ya manne, ruwa ya shiga, ɗumin jiki ya fice. Daga nan jikin tsuntsun ya shiga ƙona kitsensa da gaggawa don ya maye abin da ya rasa, alhali lokacin neman abinci ya ƙare wajen gyaran gashi. A sanyin hunturu wannan kaɗai ya isa kisa. Yana gyaran gashin da baki kuwa yana haɗiyar man, gubar da ke ciki ta farfasa jajayen ƙwayoyin jini, ta taɓa hanta da ƙoda. Tsuntsun da jininsa ya ragu, kitsensa ya ƙare, ba zai sake ƙetare Sahara ba. Uwar da ta hau ƙwai da mai a ƙirji, abin da bai kai ɗigo ba ya isa ya kashe ɗan da ke ciki.

An ga haka a wasu wurare. Lokacin da jirgin ruwan Exxon Valdez ya fashe a Alaska ta Amurka a 1989, an ƙiyasta tsuntsayen teku kusan 250,000 suka mutu. A maƙwabta kuwa, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce tsabtace ƙasar Ogoni a Najeriya zai iya cin shekara 25 zuwa 30. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Kada ɗan kasuwa ya ɗauka wannan zancen masu kallon tsuntsaye ne. Ruwan da dinya ke iyo a ciki shi ne ke raya kifin da ake yin banda, shi ne ke shayar da tattasan da Diffa ta yi suna da shi, shi ne garken makiyayi ke sha. Tsuntsu shi ne kawai ke fara faɗuwa, kuma faɗuwarsa gargaɗi ne ga mai jaki da mai kanti.

Doka tana nan. Tun ranar 29 ga Disamba 1998 Nijar take da babbar dokar kula da muhalli, kuma dokar man fetur ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin shiga domin jihar da ake haƙowa. Abin da ya rage shi ne aiki. Ya wajaba a riƙa auna ruwan kogi kowace shekara, a bayyana sakamakon a fili. Ya wajaba ma'aikatan gandun daji su samu mota da mai da za su zagaya fadamu lokacin cikar ruwa. Ya kamata magadan gari su tanadi wuraren tara baƙin mai a kasuwannin bakin kogi, kamfanoni kuma su sanar da duk malalar da ta auku cikin kwanakin da ta auku, komai ƙanƙantarta.

Rijiyar mai tana da ranar ƙafewa. Komadugu kuwa, in an kiyaye shi, zai ci gaba da cika kowane hunturu, kuma a kansa ne jikokin mutanen Diffa za su dogara. Hakkin kiyaye shi yana wuyan hukumomin Yamai da na Diffa tun yau.