Makin ƙarshen shekara: wa zai duba alƙalamin shugaba?

A kowace shekara akwai wata takarda da ke zagaya birorin gwamnati, daga Yamai har Damagaram, ba tare da hayaniya ba. Shugaban aiki ya rubuta lamba bisa 20, ya ƙara layi biyu na ra'ayinsa, ya sa hannu. Wannan ƴar takarda ita ke tafiya gaban kwamitin ƙarin girma, ita kuma ake zarowa ranar da aka tashi neman dalilin ture mutum. Ƙarin girma ya shafi albashi, albashi ya shafi kuɗin ritaya. Maki ɗaya da aka zabtare don ƙiyayya yana iya bin ma'aikaci har tsufansa.

Faransa ce ta bar wa Nijar wannan tsari. Abin dariya shi ne, ita kanta ta yi watsi da lambar ga ma'aikatanta: da wata doka ta 2010 ta koma ga zaman ganawa tsakanin shugaba da ma'aikaci, inda kowa zai faɗi nasa a rubuta.

Matsalar ta daɗe, amma zamanin jam'iyyu barkatai ya ƙara mata gishiri. Bayan Taron Ƙasa na 1991 da zaɓen 1993, kalmar wasoso ta shiga bakin kowa, katin jam'iyya ya fara yin nauyi fiye da takardar shaidar karatu. Darakta ya zo da iskar siyasa, ya tarar da akawun da ya girme shi a aiki amma ba ƴan gida ɗaya ba ne, sai alƙalami ya yi aikin da baki ke jin kunyar yi. Ƴan kasuwar Maraɗi kada su ɗauka zancen bai shafe su ba. Jami'in duwan ko na haraji da ya ƙi karɓar na goro, in shi ne ake bai wa maki mafi ƙanƙanta, to gobe wanda ya iya karɓa ne zai zauna a kujerar, kuma aljihunsu ne zai biya.

Duk da haka ma'aikaci ba maraya ba ne a gaban doka. Nijar ta rattaba hannu a 1985 kan yarjejeniya mai lamba 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta hana a sallami mutum saboda halinsa ko ingancin aikinsa kafin a ba shi damar kare kansa. Wanda ke aiki a kamfani yana ƙarƙashin dokar ƙwadago ta 25 ga Satumba 2012: yana da wakilan ma'aikata, yana da sufeton ƙwadago mai sasantawa, in sulhu ya gagara akwai kotun ƙwadago. Ma'aikacin gwamnati kuwa hanyarsa dabam ce. Zai fara rubuta wa wanda ya ba da makin ya nemi a sake dubawa, ko ya kai kuka ga na sama da shi, daga nan sai alƙalin da ke duba ko hukuma ta wuce gona da iri.

A nan ne mafi yawa ke faɗuwa, ba don rashin gaskiya ba. Wani ya fusata ya ƙi sa hannu, yana zaton ya yi jarumta, alhali ya bar takardar ta tafi babu kalmarsa ko ɗaya a ciki. Abin da ya fi shi ne ya sa hannu, ya rubuta kwanan wata, ya ƙara cewa ya gani amma bai yarda ba, ya nemi kwafi. Wani kuma ya ɓata watanni yana aika dattijai gidan shugaba, wa'adin ƙara yana tafiya, domin doka tana lissafi ne daga ranar sanarwa, ba ta san ranar da biko ya ƙare ba. Alƙali ba ya karanta ɓacin rai. Yana son makin shekarun baya, da takardun yabo, da rajistar zuwa aiki, da shaidar cewa ba a taɓa yi wa mutum gargaɗi a rubuce ba kafin makin ya faɗo.

Gwajin malaman kwantaragi na watan Yuli 2017 ya nuna inda abin ke kaiwa. Gwamnati na da hujja, don ba a barin yara hannun wanda bai iya abin da yake koyarwa ba. Amma ƙungiyoyin malamai sun ƙi amincewa da tsarin, kuma dubban mutane sun rasa aikinsu bisa jarrabawar zama ɗaya. Auna aiki wajibi ne, malalaci ma bai kamata ya laɓe bayan sandika ba. Sai dai awon da za a yanke abincin iyali a kansa dole ya zama wanda mai shi zai iya gani, ya kuma ƙalubalanta.

Abu biyu sun rage ga ma'aikatar da ke kula da ma'aikata. A tilasta wa duk shugaban da ya rage maki ya rubuta dalili mai rana da wata, ba "ba shi da himma" kawai ba. A kuma hana takardar barin biro sai mai ita ya karɓi kwafinsa. Su kuwa shugabannin sandika, da suka ƙware wajen yajin aiki kan bashin albashi tun shekarun 1990, lokaci ya yi da za su ajiye mutum guda a kowace jiha, a Tawa ko Dosso, wanda aikinsa shi ne taya mamba rubuta takardar ƙorafi kafin wa'adi ya cika.