Harsashi nawa ke isar mai gida?

Akwai wata tambaya da ke yawo a garuruwan bakin iyaka, daga Madarumfa zuwa Gidan Runji, daga Birnin Ƙonni zuwa Bangi: mai gidan da ya mallaki bindiga, harsashi nawa ya kamata ya tanada domin daren da ɓarayin daji za su dirar masa? Wani ya ce goma, wani ya ce ɗari, wani kuma ya ce duk abin da aljihu ya iya saye. Bai kamata a yi wa masu wannan tambaya dariya ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun daga 2019, shekarar da dubban ƴan gudun hijira suka ƙetaro daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa jahar Maraɗi, talakan karkara ya ga an kore masa shanu a gabansa, an tafi da matarsa ko ɗansa, an kuma yanka masa kuɗin fansa wanda ko ya sayar da gona ba zai iya biya ba. Wanda ya ga haka yana da haƙƙin a ba shi amsa ta gaskiya. Amsar kuwa ita ce: abin da zai amfane shi ɗan kaɗan ne, kuma doka ce ya kamata ta ƙayyade shi, ta rubuta shi, ta riƙa bin sawunsa. Duk abin da ya haura haka ajiya ce ake yi wa ɓarawo.

A fara da lissafin daren kansa. Masu zuwa gida da dare iri biyu ne. Akwai ƙaramin ɓarawo da ya zo kwance tunkiya, wanda haushin kare da kururuwar maƙwabta da ƙarar harbi ɗaya ko biyu sun isa su kore shi. Akwai kuma gungun ƴan bindiga da ke zuwa bisa babura masu yawa, biyu ko uku a kan kowane babur, riƙe da Kalashnikov. Wannan bindiga tana ɗaukar harsashi 30 a ɗuri guda, kuma tana iya amayar da su duka cikin daƙiƙa uku. Mai baushe kuwa sai ya tsaya ya zuba albarushi, ya danna, kafin ya sake harbi na biyu. Ko da bindigar zamani ce a hannunsa, mutum ɗaya ne cikin duhu, bayansa mata da yara, gabansa katangar ƙasa ko dangar kara. A karo na farko harsasai kaɗan sun wadatar. A karo na biyu ko buhu guda ya ajiye ba zai samu sararin harba rabinsa ba. Ragowar fa, wa zai gaje ta? Wanda ya ci gidan. Kuma a ƙauye ba a ɓoye irin wannan ajiya: ƴan leƙen asirin ɓarayi, waɗanda kowa ke kuka da su, su ne farkon masu kai labari. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Abu na biyu shi ne kasuwa. Bindiga na yin shekaru da dama tana aiki, harsashi kuwa sau ɗaya ake harba shi. Saboda haka ƙarfin ɗan bindiga a kullum yana rataye ne a kan mai kawo masa harsashi. Ranar da aka toshe wannan hanya, abin da ke kafaɗarsa ya koma sanda. Tun bayan faɗuwar gwamnatin Gaddafi a 2011 makaman rumbunan Libiya suka watsu cikin Sahel, kuma kowane sansanin soja da ya faɗa hannun mahara, irin na Inates a watan Disamba 2019 da na Shinagodar a watan Janairu 2020, yana ƙara wa masu kai hari abin harbi. To, manomin da ke neman harsashi ba tare da takarda ba, wurin wa zai saya? Wurin dillalin da ke sayar wa ɓarayin. Kuɗin geron da ya kai su ne jarin da dillali zai ƙara oda da su, su ne kuma cin hancin da zai buɗe masa shingen hanya. Ta haka mutum ke sayen tsaro da hannun dama, yana ciyar da mai kai masa hari da hannun hagu, ba tare da ya sani ba.

Masu cewa a bar kowane gari ya tara makamansa ya kamata su tuna da Banibangu. Bayan kisan gillar da aka yi wa mutane sama da 100 a Combangu da Zarumdarai ran 2 ga Janairu 2021, da na mutum 137 a yankin Tilliya cikin jahar Tawa ran 21 ga Maris na shekarar, garuruwa da dama sun kafa ƙungiyoyin tsaron kai. Ran 2 ga Nuwamba 2021 magajin garin Banibangu ya fita da ƴan sintirinsa bisa babura, aka yi musu kwanton ɓauna a Adab-Dab, mutum 69 suka rasu har da shi. Jarumtaka ba ta yi musu ƙaranci ba. Abin da suka rasa shi ne horo, da labarin inda abokan gaba suke, da rundunar da za ta kawo musu ɗauki, kuma ba a sayen ko ɗaya daga cikin waɗannan a wurin dillali.

A ɗaya gefen iyaka darasin ya fi ɗaci. A Zamfara, ƴan sa-kai da suka tashi domin maganin satar shanu sun riƙa yanke wa waɗanda suke zargi hukuncin kisa ba alƙali ba shaida, galibi Fulani, wani lokaci a tsakiyar kasuwa. Dangin waɗanda aka kashe suka shiga daji suka nemi bindigogin da suka fi na ƴan sa-kai, rikicin sata ya rikiɗe ya zama na ramuwar gayya tsakanin al'ummomin da suka yi ɗaruruwan shekaru suna musayar nono da hatsi. A watan Yuni 2022 gwamnatin jahar ta kai ga kiran jama'a su nemi izinin riƙe bindiga, hafsoshin sojan Najeriya suka ce ba ta da wannan hurumi. Kiran ya wuce, hare-hare ba su tsaya ba. Nijar ma tana da nata tabon. A watan Oktoba 1991, ana tsakiyar babban taron ƙasa a Yamai, rikicin manoma da makiyaya a Toda cikin jahar Maraɗi ya ci rayukan Fulani sama da 100, akasarinsu mata da yara. An yi wannan ɓarna a lokacin da bindigar yaƙi ba ta yawaita a karkara ba. Me zai faru a kakar da dabbobi suka shiga gona, in kowane zaure yana da akwatin harsashi? Harsashin da aka saya domin ɓarawon dare ba ya ƙin tashi ranar rikicin gona, ko na gado, ko ranar da yaro ya tsinci mabuɗi.

Ƙasashen da suka daɗe da bindiga a gidaje sun riga sun gwada amsoshi dabam-dabam. A Amurka, inda tsarin mulki ya ba ɗan ƙasa ƴancin riƙe makami, dokar tarayya ba ta ƙayyade yawan harsashin da mutum zai tara ba. Cibiyar Small Arms Survey ta birnin Janiba ta ƙiyasta a 2018 cewa fararen hula a can suna riƙe da bindigogi miliyan 393, wato sun fi mutanen ƙasar yawa. A 2021 harbin bindiga ya kashe mutum 48,830 a ƙasar, kuma fiye da rabinsu da hannunsu suka kashe kansu. Ƙasar Suwis kuwa, wadda sojanta talakawa ne masu ajiye bindigar aiki a gida, ta daɗe tana ba kowane ɗayansu harsashi 50 cikin gwangwani liƙaƙƙe, wanda ake dubawa, ba a kuma buɗe shi sai in yaƙi ya tashi. Ko wannan ma an janye shi daga 2007, aka mayar rumbunan soja. Afirka ta Kudu, mai fama da fashi da makami, ta ƙayyade a dokarta ta 2000 cewa mai takardar izini ba zai riƙe fiye da harsashi 200 ga kowace bindiga ba, sai da izini na musamman. Adadin ya bambanta, amma a waɗannan ƙasashe biyu na ƙarshe hukuma ce ta faɗe shi, kuma tana iya zuwa ta ƙirga.

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A 1994 aka kafa hukumar ƙasa mai tattara haramtattun makamai, wato CNCCAI. Bayan yarjejeniyar sulhu ta 24 ga Afrilu 1995 da ƴan tawayen arewa, an ƙona bindigogi sama da 1000 a Agadas ran 25 ga Satumba 2000, a bikin da aka kira wutar zaman lafiya. Ƙasar ta sa hannu a kan dakatar da shigo da ƙananan makamai da shugabannin CEDEAO suka amince da shi a Abuja a 1998, da kuma yarjejeniyar 2006 wadda ta shafi har da harsasai: ta wajabta sa musu lamba domin a san masana'antar da suka fito, ta kuma sharɗanta wa mai neman izini ya ajiye bindiga a amintaccen wuri, dabam da harsashinta. Nijar ta kammala ficewa daga CEDEAO a watan Janairu 2025. Ficewa daga ƙungiya shawara ce ta siyasa, amma ba ta kawar da buƙatar waɗannan ƙa'idoji ba. Haƙƙi ne a kan mahukuntan Yamai da abokansu na ƙawancen AES su bayyana wa jama'a abin da ya maye gurbinsu, da kuma yadda za a riƙa musayar bayanai da Najeriya, tun da dillalin harsashi ba ya tsayawa a bakin iyaka.

Akwai ƙorafi mai nauyi da ba za a kauce masa ba: ashe mai bin doka ne kaɗai za a ƙirga wa harsashi, alhali ɓarawo yana harbi ba lissafi? Gaskiya ne, hukumar da ta hana mutum tara makami ta ɗaukar wa kanta alkawarin zuwa in ya kira. In jandarmomi ba su iso ba sai hantsi, bayan an binne gawa, wa'azin bin doka ba zai shiga kunnen kowa ba. Sojojin da suka karɓi mulki a watan Yuli 2023 sun kafa hujja da taɓarɓarewar tsaro, don haka da wannan mudu za a auna musu.

Abin da ake jira daga gare su a fili yake. Na farko, a faɗi adadin harsashin da mai takardar izini zai iya riƙewa, a kuma hana shi sabo sai ya mayar da ƙwanson wanda ya harba. A yaɗa wannan ƙa'ida ta gidajen rediyo cikin harsunan da talaka ke ji. Tun da kundin 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, babu hujjar barin dokar da ta shafi rai cikin Faransanci kaɗai. Na biyu, harsashin bindigar yaƙi kada ya kwana a gidan kowa, ko ɗan kasuwa, ko basarake, ko mai muƙami. Na uku, inda nisa ya tilasta a dogara da ƴan sintiri, a sa su ƙarƙashin jandarma, a rubuta sunayensu, a haɗa manoma da makiyaya cikinsu, abin harbinsu ya zauna a akwati guda mai kwaɗo, a fitar da shi da ƙirga a mayar da shi da ƙirga. Na huɗu, ƙirgar ta fara daga bariki: duk jami'in da aka samu yana sayar da harsashin gwamnati a gurfanar da shi a bainar jama'a, domin ya sayar da ran abokin aikinsa ne.

Shi kuma mai gida, tanadin da zai fi yi masa rana a daren tashin hankali ba mai tsada ba ne: wayar salula mai caji da lambar jandarmomi mafi kusa, alamar gargaɗi da dukan unguwa ta sani, wurin da mata da yara za su nufa ba sai an tsaya shawara ba, da kyakkyawar ma'amala da rugar da ke bayan gari, wadda sau da yawa ita ke fara ganin baƙin babura. Gwamnati kuma ta kai layin waya da hanyar mota da sansanin tsaro inda babu su. Ranar da mutumin Gabi ko Ɗan Isa ya tabbata cewa kiransa zai kawo motar jandarma kafin ɓarayi su kai dajin Baban Rafi, da kansa zai daina ƙirgar harsashi, ya koma ƙirgar damman hatsinsa.