"Bayan Wata Uku": Shafin da Ake Tsallakewa Bayan An Fito Daga Tiyata



Akwai wata dabara da ta zama ruwan dare a labaran da ake saki shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad. Jaruma ta yi haɗari ko ciwo ya kwantar da ita, Alhaji ya sa a shirya tafiya, aka kai ta Indiya ko Masar, likitoci suka yi aiki, sai marubuci ya ja layi ya rubuta "bayan wata uku". A sakin layi na gaba ga ta nan tana saukowa daga bene a kan takalmi mai tsini. Mu a nan muna cewa wannan ƙarya ce, kuma akwai waɗanda take cutarwa.

Bari mu ɗauki aiki guda ɗaya mu yi magana a kansa, wato sauya mahaɗar ƙugu, inda ake cire kan ƙashin cinya da ya lalace a sa na roba da ƙarfe. Wani likitan Ingila, John Charnley, shi ya daidaita wannan aiki a farkon shekarun 1960, kuma a can galibi tsofaffi ake yi wa. A wajenmu kuwa matasa da yawa ne ke kwanciya a kan wannan gado, saboda sikila. Ƙwayoyin jinin mai sikila kan lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyin da ke kai jini kan ƙashin cinya, ƙashin ya mutu a hankali har ya rufta. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan ciwo, ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da shi duk shekara. Ba sai an je Indiya ba, Asibitin Ƙashi na Dala da aka buɗe a 1959 yana yin wannan aiki a nan cikin Kano. Ke nan yarinyar da ke ɗingisawa a layinku, mai shekara ashirin da ɗoriya, tana iya kasancewa cikin masu jiran wannan tiyata, kuma tana iya kasancewa cikin masu karanta labarinka.

To me ke faruwa a cikin wata ukun da ake tsallakewa? A makonnin farko likita kan hana majinyaci lanƙwasa ƙugu sosai, ya hana shi harɗe ƙafa, ya hana shi tsugunno, domin sabuwar mahaɗar tana iya gocewa. Ku kawo wannan doka cikin gidan Malam Bahaushe ku gani. Masai na tsugunno ne. Abinci a kan tabarma ake ci. Tsakar gida a sunkuye ake share ta, wanki a kan 'yar kujerar tsugunno ake yi. Sujada da zaman tahiya sun gagara, sai salla a kan kujera, kuma duk da addini ya ba marar lafiya wannan sauƙi, sai an sami wata gwaggo da za ta ce yarinya ƙarama da son jiki. Ranar komawa asibiti kuwa, a Adaidaita Sahu za a ɗauke ta, kowane rami a hanya sai ta ji shi har tsakar kanta.

Wannan fa idan komai ya tafi daidai ke nan. Wani lokaci jini kan daskare a jijiyar ƙafa, sha-raɓa ta kumbura, idan gudan jinin ya tafi huhu numfashi ya sarƙe, rai na iya fita cikin ɗan lokaci. Wani lokaci ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, sai an ƙara wa takalmi tudu. Mafi tsanani shi ne ƙwayoyin cuta su kama ƙarfen: zazzaɓi, wurin ɗinki ya yi ja, ruwa ko mugunya na fita. Idan abin ya yi zurfi, likitoci kan sake buɗewa su cire ƙarfen gaba ɗaya, su sa wani na wucin gadi mai ɗauke da magani, a yi makonni ana shan magani da allurai, sannan a sake wata tiyatar a mayar da sabo. Aiki ɗaya ya zama uku, kuɗin da aka sayar da fili aka haɗa ya ƙare tun a na farko. Mai sikila yana cikin waɗanda suka fi fuskantar wannan haɗari, ga buƙatar ƙarin jini, ga yiwuwar ciwonsa ya tashi saboda wahalar tiyata. Kuma ƙarfen yana da wa'adi. Wanda aka yi wa yana da shekara ashirin da biyar ya san akwai yiwuwar wata rana a sake kwantar da shi.

Duk wannan ake haɗiyewa da kalma uku, "bayan wata uku".

Mun san amsar da za a ba mu, domin mun sha jin ta a tarukan marubuta. Za a ce ai labari ne kawai, mai karatu nishaɗi ya zo nema, wa zai sayi littafin da ke warin asibiti? Muna tambaya: tun yaushe masu karatunmu suka fara gudun wahala a labari? Sun bi jaruma shafi ɗari tana shan uƙuba a hannun kishiyar uwa, sun yi kuka, sun biya kuɗi sun shiga rukunin masu biya don su ga ƙarshe. Abin da ke riƙe mai karatu shi ne ya ga mutum a cikin tsanani, ya ƙosa ya ga yadda zai fita. Ɗakin jinya cike yake da wannan. Ga angon wata shida da aka ce ya ɗauki fo ya zubar. Ga uwar miji tana lissafin abin da ɗanta ya kashe, tana yi masa sha'awar wata lafiyayya. Ga ƙanwar da aka cire daga makaranta don ta yi jinya. Ga ita kanta majinyaciyar tana koyon taku daga gado zuwa ƙofa, tana kuka a hannun masu gashin ƙashi. Marubucin da ke neman inda zai gwada son da jaruminsa ke ikirari, ga wurin nan, kyauta. Sayen tikitin jirgi abu ne mai sauƙi ga mai kuɗi, mako na biyar na jinya shi ke nuna waye masoyi.

Za a kuma ce ni ba likita ba ne. Gaskiya ne. To amma marubucin da bai taɓa taka Dubai ba yakan kwana yana bincike don ya kawo sunan otal da launin labulensa, ya san sunan motar da ta fito bana da na turaren da jarumi ke fesawa. Wanda ya iya wannan ba zai ce tambayar ma'aikaciyar jinya ta gagare shi ba. Kusan kowace unguwa tana da nas, ko ɗalibin likita, ko wanda aka taɓa yi wa aikin ƙashi. Abin da ya hana shi ne ƙyuya, da kuma raina mai karatu.

Ga inda cutarwar take. Mutane da yawa ba za su taɓa karanta takardar wayar da kai ta asibiti ba, amma suna karanta mu kullum kafin barci. Abin da suka gani a labari shi ke zama ma'auninsu. Idan labarai goma sun nuna musu ana tashi daga tiyata garau, to ranar da 'yarsu ta kai wata huɗu tana dogara sanda, za a ce raki ne, ko a ce likitoci sun ɓata aiki, ko a ce jifa ne. Daga nan sai a daina shan magani, a daina zuwa gashi. Idan mahaɗar ta goce sai a kira mai ɗori ya ja ƙafar da ke ɗauke da ƙarfe, alhali wannan aikin asibiti ne na gaggawa. Labari ɗaya da ya nuna uwa ta ga sha-raɓar 'yarta ta kumbura, ta ƙi yarda a shafa man zafi, ta ce a tafi asibiti a daren, yana iya zama sanadin tsira ga wani.

Haka ake yi wa sikila kanta. A yawancin labarai aikinta ɗaya ne: a je gwaji, a ga AS da AS, a raba masoya, a yi kuka. Gwajin yana da muhimmanci, domin kowane ciki na irin wannan aure yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, har Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024. Amma waɗanda aka riga aka haifa fa? Suna makaranta, suna kasuwa, suna aure, wasunsu suna cikin wannan zaure suna rubutu. Sun gaji da ganin kansu a matsayin gargaɗi ga wasu, ko gawar da ake binnewa a babi na bakwai don jarumi ya sami damar auren ƙanwa.

Ba mu ce a mayar da labari laccar lafiya ba, wannan ma wani kisan labari ne. Abin da muke nema kaɗan ne. Idan ka kwantar da jarumarka a asibiti, ka zauna tare da ita. Ka nemi wanda ya yi irin wannan jinya, ka nemi izininsa, ka saurara, ka ɓoye sunansa. Ka tambayi mai gashin ƙashi abin da majinyaci ke iya yi a mako na biyu da abin da ba ya iyawa sai a wata na uku. Ka ba wani ma'aikacin lafiya babin ya duba kafin ka saki. Idan kuwa ba za ka iya ko ɗaya ba, ka bar mata ƙugunta lafiya, ka nemo wata hanyar haɗa ta da masoyinta. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Ranar 19 ga Yuni ce ranar sikila ta duniya. Muna ƙalubalantar kowane mai alƙalami a nan ya rubuta gajeren labari guda kafin ranar, wanda zai fara daga lokacin da aka turo gado daga ɗakin tiyata. Masu ganin mun yi tsauri, fili naku ne, ku kawo hujja mu tattauna.